Ƙofar Baba da Sabuwar Manhaja

A wajen aikinmu da ke Kudenda muna da injin sassaƙa katako wanda kwamfuta ke tuƙawa. Ni ke kula da kwamfutar, shi ya sa ake ce mini Injiniya, duk da ban taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Manhajar da ke ba injin umarni ta kyauta ce, wasu mutane a ƙasashe daban-daban ke rubuta ta, kuma a iya sanina babu wanda ya taɓa jin zafin Kaduna a cikinsu.

Wata shekara babbar manhajar da ke riƙe kwamfutar gaba ɗaya za ta fitar da sabon zubi, irin wanda ake kira tabbatacce, wanda in ya fita ba a ƙara taɓa shi sai bayan shekaru. Aka tambayi masu injina a dandalinmu na intanet: sabuwar manhajar injin ta isa a saka ta ciki, ko a dakata? Na ɗora ta a kan injinmu, na yi mako uku ina sassaƙa guntayen katako, ba ta yi ko tari ba. Na rubuta musu cewa ta isa. Har wani ya amsa mini da godiya, na yini ina tafiya kamar wanda aka ƙara wa girma.

Abin da ban faɗa musu ba, domin ban ɗauke shi labari ba, shi ne a mako ukun nan taransifomar unguwarmu ta lalace. Da janareta kaɗai muka yi aiki, wuta ɗaya tun safe har yamma.

Babban kafintanmu dattijo ne daga kudancin jihar nan, kowa Baba yake ce masa. Yana da wani faffaɗan katakon maɗaci da ya yanko daga gonar mahaifinsa, ya jingine shi a bayan sito tun kafin a ɗauke ni aiki. Ya ce ƙofar gidansa ce, alhali ko fili bai mallaka ba a lokacin. A shekarar nan ya gama gini a Kamazou, ya kawo katakon, ya ce a zana masa ganyen inabi a gefe da gefe.

"Injiniya, wannan sabon abin naka ya nuna?"

"Baba, ya nuna. Duniya ma na faɗa wa."

"Ni ba duniya na tambaya ba."

Na ɗaure katakon, na tayar da inji. Rabin zanen ya fito tsaf. Wajen azahar sai ihu ya tashi daga layin masu walda, an gyara taransifoma. Oga, mai wajen, mutumin gabas ne da ba ya gudu ko ruwa ake yi, amma ranar na ga gudunsa. "Wuta ya zo!" ya ce, ya kama hannun makunnin ya juya mu daga janareta zuwa wutar gari. Haka muke yi kullum, kowa a layin haka yake yi. Ba a barin janareta yana shan mai alhali an kawo wuta.

Ƙiftawar ido ce. Kwamfuta tana da batir, ba ta san an yi ba. Injin kuwa ya yi ɗan gyangyaɗi. Tsohuwar manhaja in ta ga haka tsayawa take cak, ta ƙi motsi sai an sake nuna mata inda take, mu kuma mu yi ta zaginta. Sabuwar an koya mata haƙuri, ta ɗauka ƙaramin abu ne, ta ci gaba da lissafinta. Wuƙar injin ta bar ganyen inabi ta ratsa tsakiyar katakon, rami mai zurfin yatsa, tsawon kamu biyu, kafin na kai hannu.

Baba ya zo ya sa yatsa a ramin, ya bi shi daga farko har ƙarshe. Ya koma bakin aikinsa. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Da yamma na koma dandalin na janye maganata. Ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar ya tambaye ni dalilin da zai sa mutum ya canja wuta inji na tsakiyar aiki.  An dai cire manhajar daga jerin abin da za a saka a sabon zubin, aka ce sai an gyara.

Baba ya juya katakon, ya sassaƙa ganyensa da hannu a ɗaya fuskar. Da muka je taya shi murnar shiga gida, na ga ƙofar ta yi kyau daga waje. Na shiga, ya tura ta a bayana, ga ramin nan yana kallon falo, bai ko cike shi ba.

"Baba, da ka bari na toshe."

"Bar shi," ya ce. "Mahaifina bai bar wani maɗacin ba. Ko garin katakon da injinka ya ci ban zubar ba, yana cikin leda a ɗaki."