Bangon Gabas da Gwaggo Ta Bari

Shekara shida ke nan da Allah ya karɓi ran Gwaggo Hadiza, yayar mahaifina. Bana hutun makaranta ya faɗo a watan da ta rasu. Da na sauka daga motar Dutse a bakin ƙauyenmu, abin da na fara gani shi ne bangon gabas na makarantar matan aure ya rabu kala biyu. Daga ƙasa zuwa daidai kafaɗar mutum ja ne mai duhu, sabon shafe, har da shatin yatsu a jikinsa. Daga nan zuwa sama ya koɗe, ya yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Ko ba a faɗa mini ba na san hannun da ya yi na ƙasan. Hannun Rabi ne. Nan take wani kishi da na zaci na baro shi tun ina firamare ya dawo mini.

Lokacin da na yi wayo, ginin nan kango ne. Manya sun ce a nan ake awon gyaɗa a da, da kasuwar gyaɗa ta mutu aka bar wa jemagu da awaki. Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka cika Dutse suna neman ko da ɗaki guda, sai masu neman fili suka fara zagaya kangon suna cewa a rushe. Gwaggo ta yafa mayafinta ta je wurin mai unguwa. Ita 'yar magini ce, ta tashi tana miƙa wa kakanmu ƙasa, mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta ce ginin da ya yi shekaru babu mai kula da shi bai faɗi ba, bai kamata a kayar da shi da gatari ba, gara a gyara wa matan aure su riƙa karatu a ciki. Maza suka sauya azarar da gara ta ci, suka gyara rufi. Bango kuwa ta ce a bar mata.

Wanda ya tashi a gidan bulo ba lalle ya san makuba ba. Idan ɗorawa ta nuna da bazara, yara su sha garin, mata su kwashe kalwar su yi daddawa, ɓawon da ya rage shi ake dakawa a jiƙa. Ruwan ya yi ja kamar shayin da ya daɗe a wuta. Da shi ake kwaɓa jar ƙasa a shafe bango, ruwan sama ya doka ya zame. Babu abin da ake saye a kanti, babu abin da ake zubarwa. Sai dai tana son sabuntawa lokaci zuwa lokaci, musamman bangon gabas, don ta nan hadari ke zuwa.

Rabi 'yar Fulanin da suka zauna a bayan gari ce, ta girme ni kaɗan. Tallan nono ya kawo ta wurin, ta ajiye ƙwarya ta tsoma hannu a kwaɓin ba tare da kowa ya ce ta yi ba. Gwaggo ta yi dariya ta ce, “Ke 'yar nan, ba ki da ta ido!” Shi ke nan. Ni da nake jininta, nake kwana a gadonta, na fi sati ina zaune a kan turmi ina jiran a kira ni. Ranar da na yi ƙarfin hali na matso, Gwaggo ta tare ni da gwiwar hannu.

“A'a Kulu, koma can. Hannunki na biro ne. Makuba in ta kama farce sai ta ga dama take fita, malamai su ce daga gidan ƙazamai kike.”

Rabi ta ɗaga tafukanta jajaye ta ce, “'Yar boko, kin ga lallena?”

Har yau ban ga lallen amaryar da ya ba ni sha'awa kamar jan hannun nan ba. Na san Gwaggo gata take yi mini. Sanin hakan bai taɓa rage mini komai ba. Da rana Rabi ce ke jin hirarta, ita ake yi wa faɗa, ita ake cewa “madalla”. Ni sai dare ya yi a tambaye ni ko na yi aikin gida. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni dai na zuba wa Rabi taki mai yawa.

Abin da ya rage mini shi ne kallo, kuma na kalla. Gwaggo ba ta shafe da tsakar rana, ta ce bango mai zafi ƙishirwa gare shi, zai shanye ruwan ya bar ƙasar ta tsage. Takan yayyafa masa ruwa tukuna. Takan ɗiga ruwan makubar a bayan hannunta ta jira, in ya bushe ya ja fata, ya yi. Daga sama take farawa ta gangaro, tana karkata yatsu yadda shatin zai zama hanyar ruwa. In aiki ya yi mata daɗi sai ta cije gefen mayafinta. Ban tabbata Rabi ta lura da wannan ba. Ita tana da hannun, ni ina da idon, kuma hannun aka yaba.

Nakan tambayi kaina abin da Gwaggo za ta ce in ta ga wurin yau. Tun da aka ƙaddamar da shari'a, matan da ke zuwa karatu suka ƙaru, har a ƙofa ake shimfiɗa tabarmi. Na san wannan zai faranta mata, ita da ta koyi haɗa baƙi da furfura a kanta. Amma dattawan da ke kula da makarantar sun gaji da gyaran da ba ya ƙarewa. Sun ce in ruwan farko ya sauka ba a gama shafe bangon gabas ba, za su yaɓa masa siminti a shafa koren fenti. Ban ga laifinsu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai Gwaggo takan ce siminti a kan ginin ƙasa rigar aro ce: damshi ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana rigar ta zube da naman bangon a jikinta. A unguwarmu ma akwai katangar da ta yi haka.

Washegarin zuwana na tarar da Rabi a gindin bangon, tana dakan ɓawon ɗorawa a zaune. Ta yi aure bara, ciki ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Ga tsani jingine a gefe.

“Kulu 'yar boko! Saukar yaushe? Har yanzu gaisuwar a ciki ake yin ta?”

“Sannu da aiki, Adda Rabi. Daga ƙasa kika fara.”

Ta dube ni. “Oho, kin lura. To ya zan yi? Maigida ya rantse in na taka tsanin nan sai ya kai ƙarata wurin Baffana. Samarin garin kuwa duk suna Dutse suna dakon bulo. Na yi inda hannuna ya kai, ko dattawa sa ga an soma.”

Ta ɗaga kai ta dubi gabas, ni ma na duba. Gajimare ya fara taruwa da yamma kwanakin nan.

Ina tsaye ina kallon tafukanta, ja ya shige har cikin layukan hannu, na ji kishin nan yana nan daram. Ko yanzu da ba ta iya miƙewa sai ta dafa turmi, ita ce magajiyar Gwaggo a bakin kowa. Mu danginta mun gaji akwati da tasoshi, an raba, wasu sun fashe. Kabarinta ma damina ta baje shi, sai Baba ne ke gane wurin. Abin da ya rage nata a tsaye shi ne ɗakin nan da mata ke karatu a ciki, da yadda ake kula da shi, wanda rabinsa ke hannun wata, rabinsa ke cikin kaina babu amfanin da yake yi wa kowa. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta. Ta kare mini farce, amma ba ta ce in tsaya ina kallo a binne aikinta da siminti ba.

Ƙasa nake kallo da na yi maganar.

“Adda Rabi, gobe da sanyin safiya ki kwaɓa, ki riƙe mini tsani in hau. In na ɓata ki yi mini faɗa yadda take yi miki. Amma don Allah, ko na ɓata, kada ki ce in sauko.”