Ranar da Aka Auna Gudun Jinin Hantata

Salamu alaikum, jama'a. Wata biyar kun ji ni shiru a shafin nan, har ana tambaya ko na bar haƙar rijiya. Ban bari ba, jinya na yi.

Bara, da damina ta yanke mana, gero bai ko fid da kai ba, ni da yayana Sanda muka kama haƙa wa mutanen Gangara rijiya. Mun kai zurfin gaba goma sha biyu Yaya ya fara aman jini. Kwana uku ya rasu. Aka ce hanta ce.

Bayan arba'in ɗinsa na ga jini a bayan gidana. Tsoro ya hana ni faɗa, amma matata Hajo ta gane.

"Malam, ko ka tashi mu tai asibiti, ko in tara maka dangi."

"Za ni tafi! Kai, bakinki!"

A asibitin garin Isa aka ce tsargiyar hanji ce, ta ruwan tafki. Fari ya haɗa mu tafki guda da shanu. Suka tura ni Sakkwato, sai da muka sai da rago.

Likitar can ta ce akwai babbar jijiya mai kai jini hanta. In hanta ta ƙandare, jinin kan rage gudu ko ya juya baya, daga nan sai aman jini. Na'urar MRI za ta auna nawa.

Suka cire mini zobe, suka tura ni cikin ramin na'urar, mai ƙara kamar injin niƙa. Mai aikin ya ce, "Baba, kada matsin ya tsorata ka." Ni? Shekara ashirin ina cikin rijiya! Ya ce in riƙe numfashi, na riƙe, har ya ce, "Haba Baba, saki mana!" Amma wallahi Yaya kaɗai nike tunani.

Likita ta duba sakamakon, ta ce, "Jininka gaba yake tafiya, gudunsa irin na mai lafiya. Kun zo da wuri."

Na yi kuka gabanta, ban ji kunya ba.

Na sha magani, na warke, alhamdu lillahi. Hajo, Allah shi saka miki. Ku kuma, in kun ga jini a fitsari ko bayan gida, kada ku ɓoye irin nawa. Ku tafasa ruwan tafki, ku rage shiga cikinsa.

Shekaranjiya na koma rijiyar. Gaba biyu ƙasa da inda Yaya ya aje digarsa, ruwa ya ɓullo. 'Ya'yansa na fara ɗebo wa.