Garwashin Kan Dutse

A ƙasarmu babu dutse. Daga bakin kogin Komadugu har inda ido ya ƙare rairayi ne da goruba da gonakin tattasai. Shi ya sa duk lokacin da Kaka ta ce a garinsu mutum kan tsaya a ƙofar ɗakinsa ya hangi shaho yana shawagi a ƙasa da shi, sai mu tuntsire da dariya. Mun ɗauka zuƙi ce irin ta tsofaffi.

Kaka ita ta haifi babanmu. Kakanmu ne ya auro ta daga duwatsun kudu, can cikin Najeriya, zamanin da yake kai kanwa da busasshen kifi. Ya kawo ta ƙauyenmu kusa da Cetimari, bai daɗe ba ya rasu ya bar ta. Barbarcinta, yaren ƙauyenmu, bai taɓa miƙewa ba, har matan gari na kwaikwayonta a bakin rijiya, don haka da Hausar kasuwa take yi mana gatana. Yarenta na asali kuwa ba ta da abokin yi. Sai in walƙiya ta haska ne wata kalma kan kuɓuce mata, kullum ita ɗin dai.

Bayan isha mukan kewaye murhunta, tana tura mana gyaɗa cikin toka mai zafi tana ba mu labarin kura da dila. Amma akwai gatana ɗaya da ba ta yi sai ranar busasshen hadari. A ƙarshen bazara yake zuwa, lokacin da kogi ya ƙafe, ciyawar bara ta bushe ƙayau. Gabas ta yi ja, iska ta taso da ƙasa, a yi ta tsawa da walƙiya amma ko ɗigon ruwa babu. Dangarmu zana ce, rufinmu ciyawa, ga buhunan tattasai jibge a rumfa, wahalar shekara guda. Tartsatsi ɗaya ya isa. Sai ka ji Baba yana bin tsakar gida yana cewa, "A kashe wuta! Kowa ya kashe!" Mata su yi ta watsa rairayi a murhu.

Kaka ce kaɗai ba ta kashewa duka. Takan zaɓi garwashi ɗaya ta sa a kasko, ta binne shi da toka, ta shige da shi ɗakinta na laka da ke ƙarshen gida, ta kifa tsohuwar tukunya a kai. Mu kuma tsoro ya kore mu mu bi ta, mu cushe a duhu, ƙasa na zubo mana ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ga ta nan, ta zo da iska," in ji ta.

"Ta shigo mu rufe ƙofa," in ji mu.

Wai akwai wani gari a jikin dutse, gidaje bisa gidaje, ciyawa ta lulluɓe gangaren tun daga ƙasa har wuyan dutsen. In walƙiya ta faɗa wa busasshen itace, ko iska ta saci wuta daga murhu, to wutar ba ta tafiya, gudu take yi sama, ta fi akuya iya hawa. Saboda haka suka yi doka: da an ga hadari, kowa ya kashe wutarsa. Amma in kowa ya kashe, da me za a dafa da safe? Sai suka gina ɗaki a can ƙololuwa, inda falalen dutse ne zalla, ba abin da zai ci. Suka sa wata mata da ba ta da kowa, suka ce ita za ta riƙe wa gari garwashi.

Da safe kowa ya hau da kaskonsa. "Sannu, a ba mu wuta." Ta ba su. Su juya da sauri kada ta mutu a hanya. Ba wanda ke zama, ba wanda ke tambayarta yadda ta kwana. Shekara da shekaru tana hango su daga sama suna suna, suna biki, iska na kawo mata guntun dariyarsu.

Ran nan hadari ya haɗo, kaɗaici ya ishe ta. Ta ce yau kam a cikin mutane za ta zauna. Amma ba ta iya barin garwashin ya mutu, amana ce, sai ta rungumo kaskon ta fara gangarowa. Ta kai rabin hanya iska ta yaye tokar. Kafin ta ce wani abu gangaren ya kama, rumbunan gari suka ƙone ƙurmus. Mutane dai sun tsira, sun fake a kogo.

A nan Kaka kan dakata, mu ji tana taɓa tukunyar ko da sauran ɗumi.

"Da gari ya waye suka taru. Suka ce laifinsu ne da suka bar hanyar saukowa a buɗe. Suka mayar da ita sama, suka ja mata katanga, suka bar ƴar taga ta miƙo wuta. Ƙurunƙus, toka ta rufe."

Yayana Modu yakan ce ta yi wauta, wa ya aike ta? Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Wata rana na kasa daurewa.

"Kaka, to ba wanda ya hau ya zauna da ita? Ko mutum ɗaya?"

"Ba a faɗa mini ba."

"Ai wannan ba ƙarshe ba ne!"

Na ji ta yi ƴar dariya a duhu, ta dungure mini kai. "Fanna sarkin tsiwa. In bai yi miki ba, ke ki hau mana."

Da iska ta kwanta aka kwashe mu zuwa ɗakunan iyayenmu. Da safe matan gida suka yi ta zuwa ƙofarta da kasake, kowace ta karɓa ta juya. Ina gani, amma idon yaro ne, ban haɗa wannan da wancan ba.

Kaka ta rasu kafin tashin hankalin da ya watsa ƙauyukan bakin kogi. Mun dawo Diffa, Baba ma ya rasu, sauran kuma kowa ya kama gabansa. Modu na Damagaram, ƙanwata Yagana na aure a Yamai, autanmu ya haura Libiya. Ni ce na rage a gidan, ga shi Allah bai ba ni haihuwa ba, maigidana kuma ya riga ni gidan gaskiya. Suna kira a waya, ba zan yi musu ƙarya ba. "Ya Fanna, kogi ya zo? Wa ya rasu a dangi? A aiko mana da tattasai." Kafin in buɗe baki in ce ƙafa na damuna, an yi sallama. Ba na jin haushinsu. To, ina ji kaɗan. Wani lokaci in na aje wayar, shirun gidan har nauyi yake yi mini, in zauna in yi kukana in share.

A kangon bayan katangarmu akwai wata tsohuwa, Iya Asta, da ta zo cikin ƴan gudun hijira, nata duk sun salwanta a hanya. Bukkar zana da tamfol gare ta. Nakan miƙa mata tuwo ta kan katanga, in ce sannu, in juya.

Bazarar da ta wuce busasshen hadari ya taso da magariba. Aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, na rufe tukunyar gaz, na ruga kwashe shanya a gindin katanga. Sai na hango ta durƙushe, tana binne garwashi ɗaya da toka a kasko, ta kare shi da jikinta. Walƙiya ta haska. Ta faɗi kalmar nan. Har yau ban san ma'anarta ba, amma ta Kaka ce, ba ko shakka.

Na watsar da shanyar, na naɗe tabarmata, na zagaya ta ƙofar waje ƙasa na dukan fuskata. Da ta ga mutum tsaye sai ta ɗago kaskon da hannu biyu ta miƙo.

"Wuta kika zo ɗiba, ƴata?"

"A'a, Iya. Zama na zo yi."

Ta daɗe riƙe da kaskon tana dubana, kamar ta rasa inda za ta aje shi. Sannan ta kifa tukunya a kai, ta matsa ta ba ni wuri.