Warin Wayar Fitowar Farko

Jiya wani ya kawo tsohon hedfon, abin sauraron nan na sa wa a kunne, shagona a Jimeta, yana son ya san ko wayarsa ta asali ce kafin ya saya. Sai na tuna marigayi Bappa, ƙanen babana da ya koya mini gyaran rediyo. Shi sansana waya yake yi ya gane ta asali.

Wata rana ya kara mini biyu a hanci. "Kamfani ɗaya, amma ta fitowar farko tana warin taya. Ka ji?"

"Ban ji ba, Bappa."

"Hancin nan naka na ado ne. Bari, za mu sake."

Ba mu sake ba har ya rasu. Na mayar wa mutumin kayansa, ina tsoron in faɗi abin da zai cuce shi. Allah ya ƙamsasa kabarin Bappa.