Da eriyar Tibiri ta karkace

Alhajin da na yi wa aiki ɗan kasuwar hatsi ne, mangazarsa uku: babbar a Sabon Gari cikin Maraɗi, ɗaya a Tibiri, ɗaya a Jiratawa. Kowace da ordinatarta, wato kwamfuta, eriya ta haɗa su ukun. Kafin zuwana, ƙanen matarsa ke riƙe da rezon, wato wannan haɗin na'urorin. Da hannu yake rubuta wa kowane suwic, na'urar da ke raba saƙo, hanya ɗaya tak. In ta yanke a kira shi, ya hau moto, ya dawo sharkaf da zufa, Alhaji ya yi ta sa masa albarka. Tun ranar farko jininmu bai haɗu ba.

Na bi aikin daki-daki. Da farko na ba kowace mangaza lambarta. Sannan na kunna tsarin da suwic ke gaya wa maƙwabcinsa hanyoyin da ya sani. Daga ƙarshe na zare kabul don gwaji, saƙo ya zagaya da kansa.

Da damina iska ta karkatar da eriyarmu mai kallon Tibiri. Saƙo ya bi ta Jiratawa, ciniki bai tsaya ba. Washegari na hau na daidaita ta, ban yi shela ba.

Surukin nan, ƙanen matar Alhaji, ya jira sai da Alhaji ya zauna shan shayi a bakin mangaza, sannan ya dube ni.

"Malam sarkin zama! Kujerar nan ta kusa yin saiwa. Alhaji, tun zuwansa ka taɓa ganin zufarsa?"

Na ce, "Rufe mini baki, ba da kai nake aiki ba." Na juya ga Alhaji, na jero masa abin da ya faru, daga iska har eriya.

Alhaji ya ce, "Wa ya ga yankewar?"

"Ba kowa, Alhaji. Amfanin tsarin ke nan."

"To, Malam, in na'ura na neman hanyarta da kanta, kai mene ne naka?"

Ƙarshen wata aka sallame ni. Surukin ya goge tsarina, ya koma rubutun hannu. Har yau nakan gan shi a hanyar Tibiri yana sheƙa gudu bisa moto, kabul a wuya, ma'aikata na yi masa sannu da ƙoƙari. Yakan ɗaga mini hannu. Ba na amsawa.