Ranar Da Na Wanke Kuɗin Rumawa

Zuwana Dubai na farko don saro takalma a kasuwar Naif, kafin korona, a filat ɗin yayana na sauka. Injiniya ne, ga shi da wata ɗabi'a da na ɗauka ta rashin aikin yi ce: tara tsofaffin kwabban tagulla na Rumawa. Ƙanana ne, wasu ba su wuce farcen babban yatsa ba, duk sun yi kore-kore.

Yakan zaunar da ni ya miƙo mini gilashin ƙara girma. A gaba kan sarki ne, a baya kuwa ƙofar sansani, ko sojoji biyu riƙe da masu. Wanda ya fi ƙauna shi ne mai hoton soja ya kamo hannun wani ɗan mutum yana fito da shi daga bukka. Ya ce kwabon ya haura shekara dubu da ɗari shida, kuma ya daɗe yana neman wanda hotonsa ya fito sarai haka. Ni dai "uhm" nake cewa, hankalina na kan kayana.

Ana jibi zan koma Kano na ce bari in yi masa abin arziki. Ni da aka raina da dirzar tire sai na ga fuskata a ciki, ina zan bar wa ɗan'uwana datti? Yana fita ofis na matse lemun tsami, na zuba gishiri, na ɗauko soson ƙarfe. Da wanda ya fi so na fara, shi na fi dirza. Na jera su a faranti, jajur suna ƙyalli, ina ta jin kaina.

Da la'asar ya dawo. Ya daɗe tsaye a kan farantin, sannan ya ɗauki kwabon nan ya sa gilashi. Na leƙa ni ma. Babu bukka, babu ɗan mutumin, sai soja dishi-dishi yana miƙa hannu. Ashe koren da na kira datti shi ne fatar kwabon, shi ke riƙe da hoton.

Na so ya yi faɗa, wallahi da na samu sauƙi. Sai ya dubi yatsuna da lemun tsami ya cinye, ya ce, "Sannu da aiki, ƙanwata."

Har yau in aka yi mini wannan gaisuwar, sai na sunkuyar da kai.