Yadda Marlys Ta Sa Auta Jinyar Kare

Duk garinmu, can arewacin Minnesota, babu wanda bai taɓa shan tsawar Marlys Tollefsrud ba. 'Yar kawuna ce. Shekara talatin da ɗaya tana tuƙa motar 'yan makaranta, ta madubi kaɗai take ladabtar da yara arba'in. Akwai wanda ta harara tun yana aji biyu, yau har da sanƙo, amma in ya hango mota ruwan ɗorawa irin tata sai ya gyara zama. Ba ta yi aure ba, ba ta shan giya, ba ta tara tarkace. Abu ɗaya take adanawa, shi ne ƙullaci, kuma ba ya ruɓewa a hannunta.

Ƙanenta Curtis, autan gidan, shi ko mutum ne mai son komai ya wuce sumul. Shekarar da aka yi wa Marlys aikin gwiwa, tana kwance, ya lallaɓa ya kai mahaifiyarsu gidan tsofaffi, wai don kowa ya huta. Sati uku da kai ta, tsohuwa ta rasu a can, babu ɗa babu jika a kanta. Curtis yana bakin tafki yana kamun kifi. Marlys ta adana abin a ranta. Ta koma gidan uwar, ta riƙe Otis, karen da tsohuwa ta bari, ta jira shekara huɗu cur.

Da Otis ya kai shekara sha shida, ƙodarsa ta gaza. Likitan dabbobi ya ce ko a yi masa allurar ƙarshe, ko a yi jinyarsa a gida da maganin kashe ciwo har lokacinsa ya yi.

"Allura ɗaya ce fa, Yaya," in ji Curtis. "Minti biyar, kowa ya huta."

"Na taɓa jin wannan waƙar, Auta. A gida zai mutu, a kan kujerar Inna. Wani dai a gidan nan zai mutu da nasa a kansa."

Ran Lahadi, bayan an tashi daga coci, ana shan kofi, aka zagaya da takardar nan da ake rubuta sunan masu kai wa marar lafiya abinci. Marlys ta miƙe da tata takardar, ta buɗe muryar da take tsayar da mota da ita.

"Jama'a, ku taya ni gode wa Curtis! Ya ce karen Inna ba zai kwanta shi kaɗai ba. Kullum daga sha biyun rana zuwa huɗu, nasa ne."

Tsofaffin mata suka yi caa a kansa. Wata ta rungume shi har da hawaye, wata ta cusa masa kek a aljihu. Fasto ya dafa kafaɗarsa. Ina bakin musu? Ya sa hannu yana murmushi kamar wanda ya taka ƙusa.

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta koya musu aikin: a juya shi duk awa biyu kada gefensa ya yi gyambo, a ɗiga masa magani da sirinji a gefen baki, a tallafe cikinsa da tawul in zai fita fitsari, a jiƙa masa leɓe. Marlys ta iya tun ran farko, ta kwana tana yi ba gajiya. Amma sha biyu na bugawa sai ta naɗe hannu ta zama sufeto.

"Ba haka ake goge tsoho ba, ranka ya daɗe! Mota kake wankewa?"

"Ya yi mini kashi a wando, Yaya."

"Madalla, ashe yana gane mutane."

Kwana sha tara ana haka. Curtis ya rame har bel ɗinsa ya nemi sabon rami. A kwana na ashirin da rana tsaka, Marlys ta ji numfashin Otis ya canja, yana ja yana tsayawa, ƙafafunsa sun yi sanyi, daidai yadda aka faɗa mata. Ta ba shi maganinsa, ta sumbaci goshinsa, ta ɗora shi a cinyar Curtis a kan kujerar. Ta zare makullin motarsa ta jefa a aljihu.

"Yaya, ba zan iya kallo ba."

"Ba kallo aka ce ba. Sa hannunka a ƙirjinsa. Yi masa magana, yana ji."

Sai ya shiga ba kare labarin kifi. Marlys ta tsaya a bakin ƙofa, ita ma hawaye na zuba, ba ta share ba, ba ta matsa ba. Wajen ƙarfe uku Otis ya ja numfashi ɗaya mai tsawo, bai sake ba. Curtis ya yi kukan da maƙwabta suka zaci saniya ce ta maƙale a shinge.

Da ya lafa, ya ɗago jajayen idanu. "Yanzu kin yafe?"

Ta leƙa taga. Watan Janairu ne, ƙasa ta daskare ta fi dutse tauri. Ta shiga ɗakin ajiya ta fito da diga da shebur, ta jingina masa a gwiwa.

"Gindin tuffa, Auta. Kabarin ya kai maka ƙugu. In ka gama sai ka sake tambaya."